Ciwon Bayan Ɗan Takari da Ruɗin Maganin Wiwi

Duk wanda ya san kudancin Jidda kafin rusau ya san Sa'alaba. Ta kasance cikin jerin tsofaffin unguwannin da ke kwance a gindin tashar jiragen ruwa, tare da su Karantina da Gulel da Betromin da Sabil da Hindawiyya, inda talakan birni da baƙo suka daɗe suna raba lungu ɗaya. A waɗannan unguwanni Hausa ba baƙon harshe ba ne. Tun zamanin da ake zuwa Hajji a ƙasa, ta Chadi da Sudan a tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin, mutanenmu suke sauka Jidda, wasu su koma, wasu su zauna har jikokinsu su zama 'yan ƙasa. Sunan Hausawi da aka gani a sunayen 'yan wasan Saudiyya uku, Usama da Umar da Mu'utaz, a gasar cin kofin duniya ta 2018, daga wannan tarihi ya fito. Amma ba kowa ne ya samu takardar zama ɗan ƙasa ba. Akwai masu igama, wato takardar izinin zama, akwai kuma 'yan takari da suka shigo da bizar Umara suka laɓe, babu takarda babu kafili.

Daga ƙarshen 2021 hukuma ta shiga rushe unguwanni kusan sittin a Jidda, Sa'alaba na cikinsu. Mutane suka watse, haya ta yi tsada, wasu suka nufi gefen gari, wasu Makka, wasu kuma jirgi ya mayar da su Kano. Abin da bai canza ba shi ne irin aikin da mafi yawan mutanen nan suke ci da shi: dako a kasuwa da ɗakunan ajiya, lodi da sauke kaya, leburanci a wajen gini, wankin mota, tsintar ƙarafa, aikatau ga mata, da tura keken tsofaffi da marasa lafiya a Harami idan lokacin Umara ya kankama. Tsakanin Safa da Marwa kaɗai, zagaye bakwai ya haura kilomita 3, kuma mai turi ba alhaji ɗaya yake turawa a dare ba. Duk waɗannan ayyuka jarinsu ɗaya ne, wato baya. Ranar da ya riƙe, ranar babu cefane, babu kuma abin aikawa gida.

Abin da ke faruwa idan baya ya riƙe

Yawancin ciwon bayan da ke kama mai aikin ƙarfi ba daga ƙashi yake ba. Tsokokin da suka rungumi gadon baya ta hagu da dama, da jijiyoyin da suka ɗaure ƙasusuwan, su ne ke jin jiki. Mutum ya sunkuya ya sungumi buhu yana murɗa ƙugu, ko ya yi dako da yawa bayan gajiya ta riga ta cinye shi, sai zaruruwan tsoka su ɗan yage. Wurin ya kumbura daga ciki, tsokokin da ke kewaye su ƙage don kare shi. Shi ya sa washegari ya fi ranar farko zafi, mutum ya kasa ɗaura takalmi, ruku'u ya gagare shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma babu larurar da ta kai shi hana mutane aiki a faɗin duniya. Kusan kashi 90 cikin ɗari na masu wannan ciwo, ko an yi musu hoto ba za a ga wata cuta takamaimai da za a nuna da yatsa ba. Labari mai daɗi a nan shi ne irin wannan ciwo na tsoka yana lafawa da kansa. Mafi yawan mutane suna samun sauƙi sosai cikin makonni biyu zuwa shida, sun sha magani ko ba su sha ba. Wannan batu yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin duk abin da mutum ya sha a cikin waɗannan makonni shi zai ba lada. Wanda ya sha jiƙon maganin basir zai rantse basir ne ya sake shi. Wanda aka yi wa ƙaho zai yaba wa wanzami. Wanda ya zuƙi wiwi zai ce ganye ya yi aiki.

A gida Najeriya an daɗe ana alaƙanta tabar wiwi da aikin ƙarfi, a tasha da wajen gini da bakin kwata. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar da gwamnatin Najeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 10.6 ne suka sha wiwi a cikin shekara guda, miliyan 4.6 kuma suka sha irin su taramol ba bisa ƙa'ida ba. Sabon abu shi ne rigar da aka sa mata. A da mai sha yana ɓoyewa, yanzu waya ta cika da bidiyon shaguna masu kwandishan a Amurka da Kanada, da kwalaben mai masu kyan tambari, da mutane sanye da farar riga suna cewa likita ne ya rubuta. Matashin da ke kwance a ɗakin haya a Jidda, bayansa na zogi, yana ganin wannan sai ya ce ashe dai magani ce, Turawa ma sun yarda.

Me Turawan suka yarda da shi?

Gaskiya ne an samu sauyi. Jihar Kalifoniya ta halatta wiwi don magani a 1996, Kanada ta bi a 2001, Jamus a 2017, Birtaniya a 2018. A Afirka Lesotho ce ta fara ba da lasisin nomanta a 2017. Lebanon ta yi doka a 2020, Maroko a 2021. A ranar 2 ga Disamba 2020 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙwayoyi ya cire wiwi daga rukunin da ake ɗauka mafi haɗari kuma marar amfani a likitance, da ƙuri'a 27 a kan 25. Najeriya na cikin waɗanda suka ƙi. Sai dai kwamitin bai sake ta ba, ya bar ta cikin abubuwan da dole kowace ƙasa ta tsare.

Gaskiya ne kuma akwai magunguna na haƙiƙa da aka fitar daga wannan tsiro. Sinadarai biyu ne suka fi shahara a cikinsa: THC, wanda shi ke bugarwa, wanda Raphael Mechoulam da abokin aikinsa suka tantance a 1964, da CBD wanda ba ya bugarwa. Akwai Epidiolex, da Amurka ta amince da shi a 2018 don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke kama yara. Akwai Sativex, na fesawa a baki, don ƙagewar gaɓoɓi ga masu wata cutar laka da ƙwaƙwalwa. Akwai wanda ake ba masu sankara don tsayar da amai bayan an yi musu ƙarin ruwan magani. Babu ko ɗaya a cikinsu da aka yi don bayan da ya riƙe saboda buhun shinkafa.

An ma gwada. A wani asibiti a Melbourne ta Ostireliya, likitoci sun ɗauki mutum 100 da suka zo sashen gaggawa da sabon ciwon baya. Rabi aka ba su miligiram 400 na CBD, rabi aka ba su maganin bogi da ba komai a cikinsa, ba tare da kowa ya san wanne ya samu ba. Sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna babu bambanci, ba a zafin ciwo ba, ba a tsawon zaman asibiti ba. A 2021 ɗin ne kuma ƙungiyar masana ciwo ta duniya, IASP, bayan ta tattara binciken da ake da shi, ta ce ba ta goyon bayan a riƙa amfani da wiwi da dangoginta a matsayin maganin ciwo. Hukumar NICE da ke tsara wa likitocin Ingila abin da za su rubuta ta riga ta faɗa tun 2019 cewa kada a ba da su don ciwo mai daɗewa.

Masu goyon baya suna da abin riƙewa, kuma adalci ne a ambata. A 2025 mujallar Nature Medicine ta buga gwajin wani ruwan wiwi da wani kamfanin Jamus ya haɗa, a kan mutum 820 masu ciwon bayan da ya daɗe. A ma'aunin ciwo na sifiri zuwa goma, waɗanda suka sha maganin ciwonsu ya ragu da maki 1.9 bayan makonni 12, waɗanda suka sha na bogi kuma ya ragu da 1.4. Rabin maki ke nan tsakaninsu, tare da jiri da barci da tashin zuciya ga da yawa daga masu sha. Ci gaba ne, ba a musu. Amma a lura da waɗanda aka gwada: mutanen da ciwo ya zauna musu fiye da wata uku, wasu magunguna sun gaza, ana auna musu ɗigo-ɗigo ƙarƙashin kulawar likita. Tsakanin wannan da ƙullin hashish, wato daskararren wiwi, da aka tsallako da shi ta iyakar Yaman, wanda ba wanda ya san ƙarfinsa ko abin da aka gauraya masa, akwai tafiya mai nisa.

Abin da wiwi ke yi wa mai ciwon tsoka, a iya fahimtata, shi ne ta ɗauke masa hankali daga ciwon ta sa shi barci. Ba ta ɗinke tsokar da ta yage. Ga mai aikin ofis wannan ƙila ba wani abu ba ne. Ga wanda zai hau sikafol gobe da safe, ko ya tsaya a bayan mota ana sauke kaya, jinkirin hankali da rashin jin gargaɗin jiki su ne hanyar rauni na biyu, wanda ya fi na farko. Sannan ga sabo: kusan ɗaya cikin goma na masu sha kan kamu, adadin kuma ya fi haka ga wanda ya fara da ƙuruciya.

Kada kuma a ce to gara taramol. Wani babban gwaji da mujallar Lancet ta buga a 2023, shi ma daga Ostireliya, a kan mutum 347 masu sabon ciwon baya ko wuya, ya nuna magungunan dangin ofiyom ba su fi na bogi ba bayan makonni shida. Kano ta ga abin da taramol da kodin suka yi wa matasanta kafin gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018.

Dokar da ba ta san takardar likita ba

Duk wannan muhawara ta likitoci, a Jidda, tana zuwa ne bayan wata magana da ta fi ta nauyi. Saudiyya ba ta da tsarin ba da wiwi don ciwon baya. Takardar likitan Toronto ko Landan ba ta da wani tasiri a filin jirgin Sarki Abdul'aziz, kuma man CBD da ake tallatawa a intanet a matsayin marar bugarwa sau da yawa yana ɗauke da ɓurɓushin THC da gwaji zai nuna. Mai sha a kai a kai, fitsarinsa na iya tona masa asiri makonni bayan ya daina.

Dokar yaƙi da ƙwayoyi ta 2005 ta tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara biyu ga wanda aka kama da abin da zai sha da kansa, baƙo kuma idan ya gama sai tarhil, a mayar da shi ƙasarsa. Fataucinsu kuwa hukuncinsa na iya kaiwa kisa, tun fatawar majalisar manyan malamai ta 1987. An dakatar da zartar da kisa kan laifin ƙwaya na wani lokaci, aka sanar a farkon 2021, amma aka dawo da shi a Nuwamba 2022. Ƙungiyar Amnesty ta ƙirga mutum 345 da aka kashe a Saudiyya a 2024, 122 daga cikinsu kan laifin ƙwaya, kuma baƙi ne suka fi yawa a wannan rukuni, har da 'yan Najeriya. Matsalar talaka ita ce layin da ke tsakanin mai sha da mai sayarwa siriri ne ƙwarai. Wanda ya sayo ƙulli ya raba da abokan ɗakinsa uku suka haɗa masa kuɗi, a idonsa taimako ya yi, a takardar mai bincike kuwa yana iya zama dillali. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Dokar ta bar ƙofa guda. Wanda ya kai kansa neman magani, ko danginsa suka kai shi, ya miƙa abin da ke hannunsa, ba a gurfanar da shi, kuma akwai asibitin Irada a Jidda da ke wannan aiki. Ƙofa ce mai kyau ga ɗan ƙasa da mai igama. Wanda ba shi da takarda, da ke sauya lungu idan ya hango motar jawazat, wato jami'an shige da fice, kowa ya san ba zai doshi nan da ƙafarsa ba.

Malamai ma sun daɗe da wannan magana, tun kafin a san Kalifoniya. Hashish ta bazu a Masar da Sham a ƙarni na 13, masanin tsirrai Ibnul Baiɗar ya bayyana irin yadda take gusar da hankalin masu cinta. Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya ɗauke ta daidai da giya. Alƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a 1285, ya bambanta abin da ke sa maye da abin da ke ɓata hankali da abin da ke sumar da mutum, ya sa hashish a rukuni na biyu. Sun saɓa a kan rukuni da irin hukunci, ba su saɓa a kan hana abin da ke gusar da hankali ba. Inda malamai suka yi sassauci shi ne larura ta gaske, kamar banju don a yi wa mutum tiyata, ko inda amintaccen likita ya ce babu wani magani sai wannan. Mai farfaɗiyar da ta gagari komai yana iya shiga wannan babi. Ciwon da zai tafi da kansa cikin 'yan makonni, kuma ga wasu hanyoyi birjik, da wuya a samu malamin da zai kira shi larura.

Abin da ke aiki, da dalilin da ya sa yake wahala

Shawarar likitoci kan sabon ciwon baya ba ta da armashi, shi ya sa ba a yi mata bidiyo. Ƙungiyar likitocin Amurka a ƙa'idojinta na 2017 ta sa gashi a gaba, wato ɗumama wurin, sai tausa. Tawul da ruwan zafi da iyayenmu ke gasa baya da su, ashe suna kan hanya. Idan ana buƙatar ƙwaya, irin su ibuprofen da diclofenac ne, na 'yan kwanaki. Farasitamol shi kaɗai, a wani gwaji na 2014, bai fi na bogi ba ga wannan ciwo. Abu mafi muhimmanci kuma shi ne kada a kwanta. Kwana ɗaya ko biyu na hutu ya isa, daga nan a tashi a riƙa tattaki da ƙananan hidimomi, domin doguwar kwanciya tana ƙara sandarar da tsoka. Ƙaho, wanda a Saudiyya ake yi a wuraren hijama masu lasisi, yana iya kawo ɗan sauƙi na wucin gadi, muddin kayan aikin masu tsabta ne.

Akwai gargaɗi na musamman ga mai aiki a zafin Jidda. Diclofenac da danginsa suna cin ciki, suna kuma wahalar da ƙoda, musamman ga jikin da gumi ya tsotse ruwansa. Mutumin da ke haɗiye biyu da safe biyu da rana a kan cikin da ba komai, wata da watanni, don kawai ya iya fita aiki, yana sayen yau ne da lafiyar ƙodarsa. Mai olsa, mai hawan jini da mai ciwon suga su ne suka fi shiga haɗari. Hukuma ta hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, amma dokar tana bin kamfani ne, ba ta bin ɗan dakon da ke cin gashin kansa.

Wasu alamu kuma ba na gashi da man zafi ba ne. Idan ƙafa ta fara mutuwa ko tana ja, idan fitsari ko bayan gida ya ƙwace ko ya ƙi fita, idan tsakanin cinyoyi ya dushe, idan akwai zazzaɓi ko rama, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa daga sama, asibiti ake nufa a ranar, da takarda ko babu. Ciwon kuiɓi mai zuwa da jini a fitsari kuma sau da yawa tsakuwar ƙoda ce, wadda ta yi yawa a ƙasashe masu zafi irin wannan.

A nan ne maganar ta fi ciwo. Likita zai ce a rage nauyi na mako biyu, a koma aiki sannu a hankali. Mai igama a kamfani yana da inshorar lafiya da doka ta wajabta wa mai gidansa, yana da hutun rashin lafiya. Ɗan takari ba shi da ko ɗaya. Kuɗin ganin likita a mustausaf, wato ƙaramin asibiti, daga aljihunsa ne, kuma ba wanda zai ba shi aiki marar nauyi, ko dai ya ɗauki buhun ko wani ya ɗauka. Ba jahilci ne ke kai irin wannan mutum ga taramol ko hashish ba. Yana neman abin da zai sa ya yi aikin da jikinsa ya ce kada ya yi. Inda 'yan gari ɗaya suke da asusu ko adashi da ke riƙe wa mutum haya da abinci na kwana goma, sun yi masa abin da babu ƙwayar da za ta yi masa, kuma wannan tsari ne da rusau ya raunana da ya raba maƙwabtan shekara talatin.

Saura batun saƙo. Al'adarmu ce duk mai tafiya Saudiyya a ɗora masa ƙullin yaji, kilishi, daddawa, da garin magani na ɗan'uwa da ke fama da baya ko basir. Mai ɗauka bai san me aka daka a ciki ba, wani lokaci mai aikawa ma bai sani ba, tunda masu haɗa maganin gargajiya na bakin titi ba sa rubuta abin da suka zuba. Hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya tana buƙatar takardar likita da izini kafin a shigo da magungunan da ake tsarewa, taramol da Lyrica na cikinsu, ko da na mutum ne na kansa. Hukumomin alhazai a Najeriya kuma kowace shekara sai sun ja kunnen maniyyata kan karɓar kayan wani.

Ko wanda bai karɓi komai ba bai tsira gaba ɗaya ba. A Disamba 2018 aka kama wata ɗaliba daga Kano a Madina, ta je Umara da mahaifiyarta, saboda wata jaka mai taramol da aka liƙa wa sunanta a filin jirgin Malam Aminu Kano ba da saninta ba. Sai ƙarshen Afrilu 2019 aka sake ta, bayan hukumar NDLEA ta kama ma'aikatan da ake zargi kuma gwamnatin tarayya ta sa baki. A Agusta 2025 aka sake yin irin haka da maniyyata uku da suka tashi daga Kano zuwa Jidda, su ma sai da suka shafe makonni a tsare kafin a tabbatar jakunkunan ba nasu ba ne.